Sallar da Na Riƙe Kyamara Biyu

A azumin shekarar 1997 kyamarar da nake neman abinci da ita ta gaji. Nikon FM ce, ƙirar da ta fara fitowa a 1977, wadda maigidana ya ba ni lokacin da ya yaye ni daga shagonsa na Fagge, haɗe da gilasai uku: mai 28mm na ɗaukar taro, mai 50mm na yau da kullum, da mai 105mm wanda nake ɗaukar fuska da shi. Ta yi masa aiki, ta yi mini, har baƙin fentinta ya goge a kusurwoyi tagulla ta bayyana. Daga baya labulenta ya fara nauyi, hoto ya riƙa fitowa gefe ɗaya da haske gefe ɗaya da duhu. Tsufa ne ya cim mata, ga kuma Sallah ta ƙarato, lokacin da mai hoto yake samun abin da zai riƙe shi watanni.

Aikina a lokacin shi ne biki da suna da walimar sauka da naɗin sarauta. Idan Sallah ta zo kuma, wani hakimi yakan ɗauke ni in bi tawagarsa, abin da ya rage na hotunan hawa in kai wa masu buga kalanda. Mai irin wannan aiki ba ya zama rana ɗaya babu kyamara.

Akwai wani Alhaji da ke zuwa Landan yana saro kayan hoto na hannu. A shekarar da ta gabata, 1996, kamfanin Nikon ya fitar da sabuwar babbar kyamararsa F5, sai masu ɗaukar hoton jarida na can suka shiga sayar da tsofaffin nasu don su sayi sabuwa, wasu daga ciki kuma suka gangaro mana. A wannan dawowar Alhajin ya zo da bodi biyu, babu gilashi ko ɗaya a jikinsu: F3HP da F4s, ta biyun da filasharta SB-24. Dukansu kyamarori ne na ƙwararru, irin waɗanda muke gani a wuyan 'yan jaridar ƙasashen waje ranar hawa, mu bi su da kallo. Kuɗina kuwa ko ɗaya ba su kai ba sai da ciko. Zamani ne da gwamnati ta tsayar da dala a kan naira 22 a takarda, amma in ka je wurin 'yan canji a Wapa sai ka ajiye sama da naira 80 kafin a miƙo maka ita, kuma da farashin Wapa Alhaji yake lissafi. F4s ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Maigidana ne ya tsaya mini. Ya ce da Alhajin, "Ka ba yaron nan su duka biyun ya yi Sallah da su. Wadda ya zaɓa ya biya, ɗayar ya dawo maka da ita. In wani abu ya same su, ni ne." Alhajin ya yi jim, sannan ya ce, "Don kai ne, Baba." Har yau ban manta da wannan lamuni ba, domin abin da aka damƙa mini a jakar nan ya fi ƙarfin duk abin da na mallaka.

Maganar Canon ba ta ma taso ba, ko da yake a lokacin ana ta labarin cewa kyamararsa EOS-1 ta fi saurin saita kanta, har 'yan jaridar wasanni da yawa sun koma can. A 1987 Canon ya canza bakin da ake ɗaura gilashi, tsofaffin gilasansa suka daina shiga sababbin kyamarorinsa. Nikon kuwa ya riƙe bakin da ya fara da shi tun 1959. Gilasaina uku su ne jarina, kuma duk suna hawa F3 da F4 ba tare da wata dabara ba.

F3 na fara ɗauka, kuma ita ce ta fara shiga raina. A 1980 ta fito, wani Ba'italiye mai suna Giorgetto Giugiaro ne ya zana siffarta, mutumin da ya zana motar Golf ta farko, shi ne kuma ya sa mata jan layin nan a gefen mariƙi. Nauyinta bai kai giram 800 ba. Ta zauna a hannuna daidai inda FM take zama, komai yana inda yatsa ya saba samunsa. Hannun jan fim ɗinta yana tafiya sumul, ban taɓa jin irinsa a wata kyamara ba, kafin ta ko bayanta. Abin da ka gani a maleƙarta shi ne abin da zai hau fim, ba ragi ba ƙari. Wadda aka rubuta wa HP kuma an yi maleƙarta ne yadda mai tabarau zai ga hoton gaba ɗaya ba sai ya manna ido ba. Maigidana yana sa tabarau, da ya leƙa sai da ya yi salati.

"Wannan ita ce kyamara," in ji shi. "Batirin agogo biyu za ka sa mata, ka manta da ita har wata Sallar. In ma batirin ya mutu kana tsakiyar aiki, ga wannan ɗan maɓallin a ƙasa, ka ja shi labule ya buɗe da kansa. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nan."

Gaskiya ya faɗa. F3 da lantarki take aiki, amma an bar mata gudu ɗaya, wajen 1/60 na daƙiƙa, wanda ba ya bukatar batir. Ga mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin ƙauyuka da kyamara a kan keke, inda ba ka da wurin sayen ko ashana bayan magariba, wannan ɗan maɓalli ya fi duk wani ƙawa.

F4s kuwa da na rataya ta sai na ji kamar ɗan dutsen niƙa aka ɗaura mini a wuya. Ta haura kilo ɗaya da kwata tun kafin a zuba mata batir, kuma batir shida take ci, irin masu kaurin yatsa da ake kira AA. A 1988 ta fito, Giugiaro ɗin ne dai ya zana ta, sai dai wannan karon babu hannun jan fim, inji ne a cikinta yake ja. Tana iya saita gilashi da kanta in an ɗaura mata irin gilashin da aka yi don haka. Labulenta yana kaiwa 1/8000, na F3 yana tsayawa a 1/2000. Tana auna haske ta hanya uku: ko ta raba hoton gida biyar ta kwatanta, ko ta fifita tsakiya, ko ta auna ɗan ɗigo ɗaya tak. Jikinta cike yake da maɓallai da makullai, kowane abu da nasa, ba sai ka shiga wani allo kana lalube ba. In aka sa ta a gudunta na ƙarshe tana ɗaukar hoto 5.7 a daƙiƙa ɗaya, wato fim mai ɗauka 36 zai ƙare cikin daƙiƙa shida da 'yan kai. Da na faɗa wa maigidana haka sai ya girgiza kai ya ce, "Wa zai biya kuɗin fim ɗin?" Idan kuma batir ya ƙare, shi ke nan, ba ta da wata ƙofar baya.

Na kai su wurin mai gyaran da muke kai wa aiki a Sabon Gari. Ya buɗe bayan kowacce, ya ɗaga ta sama yana kallon labule ta cikin haske, ya kara a kunne ya danna. Ya ce dukansu lafiya lau. Na ce, "Oga, in kai ne wacce za ka ɗauka?" Ya ce shi mai gyara ne, abin da zai iya faɗa mini kawai shi ne dukansu biyu akwai lantarki a ciki, kuma in allon lantarkin ya ƙone babu abin da zai iya yi sai an samo wata matacciya an ciro nata. Matattun F3 sun fi sauƙin samu, domin ta fi daɗewa a duniya. Wannan ma ya ƙara wa maganar maigidana nauyi.

In da a nan maganar ta tsaya, da F3 na saya. Amma akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini rai a sana'ar nan, wanda duk mai hoton da ya yi aiki a ƙasar Hausa ya san shi, ko bai taɓa faɗa ba.

Mutanenmu baƙaƙe ne, kuma ranar ado farare muke sawa. Dattijo zai fito da farar shadda da ta sha bugu tana ƙyalli, ya naɗa farin rawani, ya ja amawali ya rufe haɓa, ya tsaya a tsakiyar rana. Rawanin ya yi wa goshi da idanu inuwa, rigar kuma tana mayar da hasken rana gaba ɗaya. Tsakanin hasken rigar da duhun fuskar akwai tazarar da takardar hoto ba ta iya ɗauka a lokaci guda. In ka bi abin da ma'aunin haske ya faɗa, farin ya ruɗe shi, riga ta fito tsaf da askarta takwas da duk zaren da maɗinki ya soka, fuska kuwa ta zama baƙin dunƙule, ba ido ba hanci. In ka buɗe ƙofar gilashi don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama farin fili, aikin da aka yi watanni ana yi da allura ya ɓace. Mai riga kuwa duka biyun yake so, kuma yana da gaskiya. Ya biya kuɗin ɗinki, fuskar kuma tasa ce.

Sau da yawa an dawo mini da hoto an ce, "Malam, ina fuskata?" Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hoton mijinta da na ɗauka ranar naɗinsa, bayan ya rasu, ta ce da ni ba ta da wani hotonsa sai wannan, kuma ba ta ganin idonsa a ciki. Ba faɗa ta yi ba, tambaya take ko akwai yadda za a yi. Na koma da nagatif ɗin ɗakin wanki aka yi iya yi, abin da bai hau fim ba babu mai fito da shi. Wannan magana ta zauna mini.

Ba rana ce kaɗai ta jawo haka ba. A wancan zamani injinan wankin hoto mai launi ana daidaita su ne da wani katin gwaji da wani babban kamfanin fim yake rabawa, kuma shekaru da yawa hoton Baturiya ne a jikin katin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da wanda ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Kayan aikin ba da mu aka auna su ba, mu ne muka riƙa neman dabarar da za su karɓe mu. A cikin shago abin da sauƙi, kana da fitilu kana da farin allo. In da hali a waje, sai ka ja mutum inuwar bishiya. Amma hakimin da ke kan doki a cikin jerin gwano ba ka ce masa ya matso inuwa.

Maganin da aka sani shi ne filasha da rana tsaka, ka ɗan watsa haske a cikin inuwar rawani ba tare da ka ƙara wa riga komai ba. A nan ne lambobi suke shigowa, kuma a nan kyamarorin biyu suka rabu. Walƙiyar filasha ba ta kai ƙiftawar ido ba, saboda haka dole ta tarar da labule a buɗe gaba ɗaya, kowace kyamara kuma tana da iyakar gudun da hakan ke yiwuwa. Na F3 shi ne 1/80. Tsohuwar FM ɗina ma ta fi ta, tana kaiwa 1/125. F4 kuwa 1/250. Da fim mai lamba 100 a cikin rana sosai, in labule yana 1/80 sai ka tsuke ƙofar gilashi ta wuce f/16, kuma tsukewar da ta hana rana shiga ita ce take shaƙe hasken filasha, ba ya zuwa ko'ina. A 1/250 kuwa ƙofar tana wajen f/11, hasken filasha ya yi nisan da ya kusa ninka na farko. Bayan haka, dokin da ke taku da hannun da ke jinjina ba sa tsayawa cak a 1/80. Sannan F3 ba ta da mazaunin filasha a ka irin na sauran kyamarori, nata yana kan abin naɗe fim ne, sai ka cire filashar kafin ka canza fim. F4 da SB-24 kuwa an yi su ne su yi shawara da juna, kyamara ta auna hasken gari, ta gaya wa filasha iya abin da za ta ƙara.

Na karanta wannan a ɗan littafin da ya zo da filashar, na yi wa maigidana bayani. Ya ce takarda ba ta ƙin tawada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kada in ɗauki kyamarar da hannuna bai sani ba in tafi aikin hakimi da ita. Saboda haka goman ƙarshe na azumi na yi shi ne da F4s a hannu babu fim, bayan asham ina zaune ina murɗa maɓallai ido a rufe, har yatsuna suka san gidan kowanne.

Sallah ta kama a farkon Fabrairu, cikin hunturu. Ranar idi na bi jama'a zuwa Ƙofar Mata da F3 kaɗai, domin da safe hasken yana da taushi kuma cunkoson ba ya son kaya mai nauyi. Ta yi mini yadda nake so. Ma'auninta yana ba tsakiyar hoto kashi 80 cikin 100, saboda haka in ka ɗora da'irar a kan fuska ka kulle, ba ruwanta da farin da ke gefe.

Washegari aka yi Hawan Daushe, na rataya su duka biyun. Mai martaba Sarki Ado Bayero ya fita bayan la'asar, ya zaga ta Babban Ɗaki bisa al'ada, mu kuma muna Ƙofar Kudu muna jira. Wanda bai taɓa tsayawa a filin nan a ƙasa ba, daf da inda dawakai ke birki, ba zai gane abin da ƙura take nufi ba. Hazo yana sama, kofato yana tayar da ta ƙasa, 'yan bindiga su saki hayaƙi a kai, rana kuma tana gangarawa ta mayar da komai ja. Wani abokin aiki ya ara mini gilashi mai saita kansa don in gwada F4 da shi. Idon saitinta guda ɗaya ne a tsakiya, kuma yana bukatar layi ko bambancin launi kafin ya kama. Da iska ta yi sauƙi yana kama 'yan lifidi da dogarai nan take, jan da koren rigunansu sun ishe shi. Da hayaƙi ya rufe fili kuwa sai ya shiga kai da komo yana nema, kamar yadda duk na'urar saiti ta wancan zamani take yi. Na mayar masa da gilashinsa na ɗaura nawa mai 105mm, na koma yadda aka koya mini: ka zaɓi wuri a ƙasa, ka saita a kansa, ka jira doki ya iso. A wannan aikin babu wadda ta fi wata. Hoton jahi mafi kyau da na samu a yammacin nan, mahaya huɗu sun taso a jere takubba a sama, da F3 na ɗauke shi, ɗauka ɗaya.

Abu ɗaya na lura da shi wanda ban yi tsammani ba, shi ne canza fim. A cikin irin wannan ƙura duk daƙiƙar da bayan kyamara ya yi a buɗe hatsari ne, ƙwayar yashi ɗaya in ta zauna a kan faranti sai ta ja layi a fim daga farko har ƙarshe. Mukan shigar da kyamara cikin riga ne mu canza da lalube. F3 sai ka soka harshen fim a tsagar sanda ka ja ka tabbatar ya kama. F4 kuwa ka ja harshen zuwa jan alama, ka rufe, ka danna, ta ɗauka da kanta. Da magariba ta yi wuyana ya riƙe, kafaɗar da F4s take kai ta yi tsami, na koma gida ina ganin maigidana ya gama magana.

Rana ta uku ita ce Hawan Nasarawa, wanda ake fita da safe, a je gidan Nasarawa da gidan gwamnati, a biyo ta Sabon Gari da Fagge. Kafin tawagar hakimina ta iso inda na tsaya rana ta take, inuwar kowa ta dawo ƙarƙashinsa. Ya zo cikin farar alkyabba da farin rawani, amawali har bisa hanci, ba abin da ya rage a waje sai idanu da ɗan saman kumatu, su ma suna cikin inuwa. Irin hoton da ya sha kayar da ni ke nan. Na matsa har tsakanina da dokin bai fi taku biyar ba, na ɗauka da F3 yadda na saba, na auna fuska na ɗan rage don riga. Na saki ta a ƙirji na ɗago F4s, labule a 1/250, filasha a kunne, na ɗauka. Dokin ko kunne bai kaɗa ba, wanda ya saba da bindiga ba ya kula walƙiya. Haka na yi ta yi da yaransa da zagaginsa da wani tsohon mai algaita, kowa sau biyu, har fim ya ƙare a duka biyun.

Bayan Sallah na kai finafinan shago ɗaya, na roƙi mai injin ya buga su da saiti ɗaya, kada ya gyara wa kowanne. Na kawo katunan na baje a kan teburin maigidana biyu-biyu, ban gaya masa wanne ne na wacce ba. Ya gyara tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A hotunan idi da na Daushe bai iya rabewa ba, ni ma da ban sa alama a baya ba da ban iya ba. Da ya zo kan na hakimi sai ya tsaya. A ɗaya, alkyabba ta fara ƙonewa a kafaɗa, fuska kuma ana ganinta dishi-dishi, irin hoton da muka saba bayarwa a karɓa don babu yadda za a yi. A ɗayan, zaren alkyabba yana nan, ninkin rawani yana nan ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarƙashinsa ga idanun mutum biyu da kwallinsu, har da 'yar tamojin da ke gefen ido. Launin fatarsa ya fito yadda Allah ya yi shi, ba a mayar da shi toka-toka ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan da mai nauyin ka ɗauka."

Na ce, "Da ita ce, Baba."

Ya ce, "Shekara nawa ina ba mutane haƙuri a kan wannan." Ya ajiye katin, ya ɗauki F3 ya ja hannunta ya danna, ya sake ja. "Ni dai in ni ne, har gobe wannan zan ɗauka. Na tsufa da ɗaukar kaya, kuma ban yarda da abin da ba ya motsi sai da batir ba. Amma kai fuskar mutane kake sayarwa. Je ka ka biya Alhaji, Allah ya sa albarka."

Na sayar da babur ɗina na haɗa da abin da Sallah ta kawo, sauran Alhaji ya yarda in riƙa biya a hankali. Duk abin da maigidana ya ji tsoro kuwa na gamu da shi. Batirin rediyo na kasuwa ba ya ɗaukarta, sai mai ƙarfi irin alkalin, shi kuma ga tsada ga jabu ya yi yawa, sai na koma sayen kwali guda a wurin mutum ɗaya da na amince da shi. Ban taɓa fita ƙauye ba sai da shida a cikinta, shida a aljihu, wasu na filasha daban. Gudun nan na 5.7 kusan ban taɓa amfani da shi ba, saitin kai da kai ma sai jefi-jefi, domin da tsofaffin gilasaina na ci gaba da aiki, ita kuma tana kunna mini ɗan koren ɗigo a maleƙa in saiti ya zauna. Abin da na saye ta dominsa shi ne 1/250 da filashar nan, kuma shi na ci moriya. Akwai kuma wani gudu mai laushin sauti da aka rubuta wa Cs, wanda ya ba ni damar ɗaukar hoto a zauren ɗaurin aure ba tare da liman ya ɗago kai ba. Cikin shekara guda aka san ni da cewa hotona yana fito da fuska, masu naɗi suka fara aiko mini daga Zariya da Katsina da Haɗeja.

F3 ɗin wani ɗan jarida ne ya saye ta, mai aiki da fim baƙi da fari, wanda yake wanke abinsa da hannu yana gyara haske a ɗakin duhu, kuma kullum yana kan hanya. Shi ita ce daidai da shi, ta kuma yi masa shekaru. Duniya ma ta ba maigidana gaskiya ta wani ɓangaren: ba a jima da fitowar F5 ba aka daina ƙera F4, amma F3 aka ci gaba da yin ta har 2001, shekara 21 bayan fitowarta. Ya rayu ya ji wannan labari, kuma ya ji daɗinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

A 1999 Nikon ya fitar da D1 mai aiki ba fim, cikin 'yan shekaru shagunan wanki suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ni ma na bi zamani. Yanzu kuma sai ga samari suna zuwa da wayoyinsu suna nuna mini F3 da F4 a kasuwar intanet, sun ce suna son komawa fim, wacce za su saya. Amsata ba ta canza ba. In tafiya za ka yi, ko hoton gari da kasuwa da baƙi da fari kake so, ɗauki F3, za ta fi yi maka sauƙi a wuya da aljihu. In kuwa mutanenmu za ka ɗauka cikin fararen kaya a waje, F4 da filasharta ta fi, ba na kokwanto. Kowacce ka samu, ka leƙa maleƙarta ka duba ƙaramin allon lambobi ko ya fara zubar da baƙi, domin tsufa yana kawo musu haka, ka buɗe gidan batir ka duba tsatsa. Kada kuma ka biya sai mai ita ya yarda ka sa mata fim ɗaya, ka tsayar da dattijo mai farin rawani a rana da azahar, ka wanke ka gani.